Yadda Badaru Ya Ɗora Wa Masallaci Haraji

Ku gyara zama in ba ku labarin Badaru, ɗan yayana marigayi. Gara ku ji daga bakina, don in shi ya ba ku, sai ku ɗauka lambar girma aka ba shi.

Badaru dogo ne mai faɗin murya, kuma bai taɓa shiga wata sana'a ba sai ya fi masu ita saninta tun kafin ya fara. Ya yi noman albasa, ta ruɓe a rumbu, ya ce a wurin iri aka cuce shi. Ya yi dillancin awaki a kasuwar Shagari, ya sayar wa wani mutum akuyarsa da ta ɓata masa da safe. Mu mutanen Tungar Maje, ƙauyenmu da ke tsakanin Boɗinga da Dandin Mahe, mun saba da shi. In ya ce gobe za a ga abu, kowa sai ya ɗaure dabbarsa.

To, ana nan sai wani Alhaji Tukur, ɗan kwangilar da ke karɓar kuɗin tikiti a kasuwannin yankinmu, ya ɗauke shi aikin gwaji. Ya ba shi jan babur sabo da riga mai ƙyalli marar hannu, an rubuta sunan Alhajin a bayanta. Sharaɗin ɗaya ne. Kowace kasuwa tana da mai yanka tikitinta, saboda haka Badaru ya nemo wani sabon wuri da kuɗi za su riƙa shigowa kafin ƙarshen wata. In ya samo, babur ya zama nasa. In bai samo ba, ya mayar da makulli.

Mutumin da bai taɓa mallakar abin hawa ba sai wani keke marar birki, ku yi tunanin yadda ya zama. A ɗaki babur ɗin yake kwana. Matarsa Basira sai da ta janye gadonta ta ba shi wuri. Da hularsa yake goge shi, sannan ya mayar da hular kansa.

Rabin wata ya wuce bai samo ko kwabo ba. Sai wata safiya a teburin mai shayi ya ji ana gardama a rediyo, wai shin ya kamata coci-coci da masallatai da ƙungiyoyin addini su riƙa biyan haraji, ko kuwa a bar su. Wannan ya ce a karɓa, wancan ya ce haram. Badaru ya ajiye kofi, ya zo gidana kai tsaye yana haki, ya ce manyan ƙasa sun shekara suna ja-in-ja a kan abin da shi zai gama gobe bayan La'asar.

Na ce, "An yi doka?"

Ya ce, "Doka tana tahe, Goggo. Ni dai na riga ta isowa."

"Alhajin ya sani?"

"Alhaji kuɗi shika son gani, ba labari ba."

Na gaya masa gaskiya. In masu kuɗin addini yake nema, ya hau babur ɗinsa ya shiga birni, inda akwai masu motoci baƙin gilashi da makarantun da ake biya kamar ana sayen gona. Waɗannan ko ni ba zan yi kuka ba in an taɓa aljihunsu. Amma Liman Na'Allah namu, rigarsa faci ya fi yadi yawa. Badaru ya ce ai da ƙananan zai fara don hannunsa ya faɗa, manyan suna nan tafe. Na ce ya tashi mini daga tabarma.

Katangar gidana ita ta raba ni da harabar masallaci, kuma kunnena bai tsufa ba. Ana sallame La'asar Badaru ya miƙe da rigarsa mai ƙyalli, ya ce jama'a su dakata. Ya yi jawabi mai tsawo. Mai ƙosai tana biya, mai faci yana biya, jakin da ya shigo kasuwa ma ana yanka masa tikiti, amma ga wuri gero na shigowa, goro na shigowa, har rago wani lokaci, babu mai tambaya. Nura mai faci ya ce wannan kam gaskiya ne, shi kullum sai an yanka masa ko bai liƙe taya ɗaya ba. Wasu ma suka gyaɗa kai. Kada ku ɗauka duk ƙauye ne ya ƙi maganar.

Liman Na'Allah ɗan gajeren tsoho ne, manomin albasa, ba ya gaggawar magana. Sai da ya gama tasbihinsa sannan ya ɗaga kai.

"Nawa gwamnati ka so?"

"Ɗaya cikin goma, Allah gafarta Malam."

"Na mi?"

"Na duk abin da yash shigo ƙofar masallacin ga da zaurenka."

"Duka?"

"Duka. Ko da allura."

Liman ya shafa gemu ya ce, "Watau kamar noman tarayya."

Wanda bai san fadamarmu ba, bari in gaya masa. In mutum biyu suka haɗa noman albasa, ba albasar kaɗai suke rabawa ba. Man inji, ban-ruwa, cirar ciyawa, gadin gona, duk gwargwadon rabonka ne. Yaron goye ma ya san haka a nan. Amma Badaru kalmar ce ta yi masa daɗi a baki. Ya ce sak haka ne, daga yau gwamnati abokiyar tarayyar Liman ce.

Liman ya ce to a bari a kwana a kan maganar. Badaru ya ɗauka tsohon hanyar zillewa yake nema, sai ya kafe, ya ce ba inda za a je sai an shafa Fatiha gaban shaidu. A wurinmu kuwa abin da aka shafa wa Fatiha ya ɗauru, ko aure ne ko cinikin gona. Wanda ya warware shi gaban kansa, ba mai sake haɗa ko tukunyar fura da shi. Liman ya tambaye shi ko ya tabbata. Ya sake tambayarsa. Badaru ya ce shi ba ya magana biyu. Aka ɗaga hannu, aka shafa.

Nan take Liman ya sa aka fito masa da rabonsa: gero a ƙwarya, 'yan goro, ƙosan sadaka, da wata baƙar kaza. Badaru ya ɗaure kazar a hancin babur, ya zaga ƙauye yana danna oda, yana cewa a rubuta ranar.

A ƙofar gida Basira ta tare shi. Ta ce gero ya shigo, goro ya shigo, amma wannan kazar ba za ta taka mata tsakar gida ba. Ita ce wadda aka shafa wa kumburarriyar ƙafar Maniru, mijin Jummai maƙwabciyarta, aka kai sadaka don ciwon ya bi ta. Liman ya sha faɗa a wa'azi cewa wannan camfi ne, kaza kaza ce, amma babu wanda ya taɓa ganin wani ɗan ƙauyenmu ya ci irinta. Badaru ya ce shi ba ya tsoron camfi. Basira ta miƙa masa wuƙa. Ya dubi wuƙar, ya dubi ƙafarsa, ya ce ai ba ya da ikon yanka dukiyar gwamnati. Ya kai ta kasuwa, kowa ya san kazar. Haka ta zauna ɗaure a hancin babur, duk inda ya je tana tare da shi, tana yi wa tankin mai ado.

Washegari da hantsi ladan ya yi sallama da wasu baƙi biyu, 'yan Kajiji da mota ta lalace musu, suka kwana a masallaci. Ya ce Liman yana gaisuwa, ya ce baƙi ma ta ƙofar masallaci suka shigo, kuma waɗannan su ne rabon gwamnati. A ba su abin kari, a kai su bakin titi. Badaru ya buɗe baki, ladan ya shafa fuskarsa da tafin hannu biyu, kamar mai tuna masa wani abu. Badaru ya rufe baki. Baƙi suka ci tuwon da Basira ta ajiye masa.

Bayan su sai randunan alwala. Rabon gwamnati ya zagayo, aka ɗaura wa sabon babur jarkoki huɗu, ya yi ta safa tsakanin famfo da masallaci, ruwa na zuba a rigar ƙyalli. Bayan ruwa sai wata tsohuwa da za a kai asibitin Boɗinga. Da can Liman ke biyan kuɗin mota daga sadaka, ba wanda ya sani. Tsohuwar ta riƙe wuyan Badaru tun daga ƙauye har asibiti, tana salati a kunnensa, tana cewa tuƙinsa na 'yan wuta ne.

Sannan aka aiko masa da shari'a. Jummai da Maniru sun daɗe suna kai wa Liman ƙarar juna, wannan karon a kan tunkiyarta da ya sayar ya sayi taki. Liman ya ce wannan rigimar ta faɗa cikin goman gwamnati. Badaru ya ji daɗin wannan kam. Ya zauna a kan babur kamar alƙali, ya sa aka shimfiɗa musu buhu a ƙasa, mutane suka taru. Ya saurari Jummai, ya ce gaskiyarta. Ya juya ga Maniru ya ce mutum mai ƙafa kamar turmi, kamata ya yi ya gode wa Allah da wata mace ta yarda ta zauna da shi.

Jummai ta miƙe ta gyara ɗaurin zane. "Mijin wa kaka zagi?"

"Ke nika tare wa faɗa, Jummai."

"Na aike ka? Ƙafar da kaka yawo da kazarta kamar ɗiyarka?"

Ta ciro muciyar da ta zo da ita don Maniru. Badaru ya buga babur, babur ya ƙi tashi, ya sauka ya bar shi ya shige gidana ya ɓuya bayan rumbu. Jummai ta kama hannun mijinta, suka tafi gida yana ɗingishi tana lallashinsa. Da yamma Liman ya aiko da godiya, ya ce shekara da shekaru yana neman shirya su bai iya ba.

Badaru ya je ya durƙusa a zauren Liman. "Allah gafarta Malam, wanga goma naka saurin cika garai."

Liman ya nuna masa tasbaha, ya ce da ita yake ƙirga. "Jama'a ta da yawa, Badaru. Da can ni kaɗai ka ɗauka, shi yas sa ba ka gani ba."

Ƙarshen wata na matsowa, abin da ke aljihunsa bai wuce kuɗin geron da ya sayar ba, ya naɗe su da roba yana jiran ya nuna wa Alhaji. Sai dabara ta sake faɗo masa. Ya ce kuskurensa ɗaya ne, ya fara da inda ake sadaka da hatsi da kaji. Coci kuwa tsabar kuɗi ake tarawa a faranti, ya gani a talabijin. Ranar Lahadi zai je ya dawo da abin da zai sa Alhaji ya ƙara masa da mota.

Na ce, "Kai Badaru, ka taɓa shiga?"

Ya ce, "Goggo, gwamnati ba ta sallama."

Abin da ya faru can, matar faston ce ta ba ni labari, don a wurina take sayen gabu, busasshen ganyen albasa. Ɗan ƙaramin coci ne a bayan bariki a Boɗinga, na malaman makaranta da 'yan sanda da 'yan kasuwa baƙi. Faston, Ishaya, mutumin Zuru ne, kuma duk shekara a wurin Liman Na'Allah yake sayen dashen albasa. Labarin Fatiha ya riga ya kai masa tuni.

Badaru ya isa ana tsakiyar sujada. Matan zumunta, wato ƙungiyar matan cocin, suka ga rigar ƙyalli, suka ɗauka babban baƙo ne, suka kai shi kujerar gaba, shi kaɗai a layin. Fasto ya ce baƙi su miƙe su faɗi sunansu. Badaru ya miƙe ya ce shi wakilin gwamnati ne. Aka yi masa tafi, aka rera masa waƙar maraba, har da ganga. Tunda aka haife shi ba a taɓa yi masa waƙa ba, sai ya kumbura kamar an hura shi.

Sai lokacin baiko ya zo, wato tara sadakar coci. Al'adarsu layi-layi ake tashi, a taka rawa zuwa gaba a jefa abin da aka samu, kuma layin gaba ke farawa. Ganga na tashi, wata mata ta tsaya riƙe da tasa, coci duka suna jiran wakilin gwamnati. Badaru ya ga ba dama. Ya tashi yana ɗan jan ƙafa daidai da kiɗa, ya ciro kuɗin gero da nufin ya zare takarda ɗaya. Roba ta ƙi. Ya ja, ta tsinke ta harbe shi a yatsa, dunƙulen duka ya faɗa tasa. Mata suka rangaɗa guɗa. Mai tasa ta yi gaba.

Da aka tashi ya sami Fasto da dattawan coci, ya faɗi abin da ya kawo shi, amma muryar ta ragu. Fasto Ishaya ya ce shi ba ya da ja, sharaɗinsa ɗaya ne, a yi musu yadda aka yi wa Liman, ba ƙari ba ragi. Badaru ya ce a'a, su tsabar kuɗi kawai za su riƙa bayarwa.

"Malam Badaru," in ji Fasto, "so kake a ce gwamnati ta shiga tarayya da masallaci, mu kuma ta ƙyamace mu? Ka san yadda irin wannan magana take yawo."

Badaru ya san yadda take yawo. Aka yi musafaha gaban dattawa, Fasto ya yi addu'a, aka ce amin. Aka ba shi rabonsa na baiko, bai kai rabin rabin abin da ya jefa ba. Yana juyawa zai tafi, sai aka fito masa da Baba Kofur.

Baba Kofur tsohon ɗan sanda ne da ya yi ritaya, danginsa duk sun ƙare, kunnensa ɗaya ya mutu, ɗayan kuma abin da yake so kawai yake ji. Gidajen 'yan coci ke karɓarsa bi da bi suna ciyar da shi. Tunda gwamnati ta shigo tarayya, in ji Fasto, layi ya zo kanta. Tsohon ya fito da ƙullin kayansa da sandarsa, ya dubi rigar ƙyalli, ya ƙame ya sara.

"Na yi wa gwamnati aiki har haƙorana suka zube," in ji shi. "Yau ta tuna da ni. Kurtu, tayar da mota."

Kafin su iso Tungar Maje, labari ya riga su. Wani mai kai itace Boɗinga ya leƙa ta tagar coci ya ga komai. Na tsaya a ƙofar gida na tambayi Badaru, da gaske ne ya taka rawa? Ya ce ba rawa ba ce, bincike yake yi, kuma dole mai bincike ya saje da jama'a. Na tambaye shi wane ne wannan a bayansa. Ya ce haraji ne.

Baba Kofur ya mayar da gidan Badaru bariki. Da sassafe zai buga sanda a ƙofa ya fito da Badaru fareti, ya duba farcensa, ya duba babur, ya ce ko jakin kwastan ya fi shi tsabta. Da Basira kuwa suka shirya tun ranar farko. Ya ce tuwonta ya fi na duk matan zumunta, ita kuma ta riƙa zuba masa naman miya kafin maigida. In Badaru ya ɗaga mata murya, sai kunnen tsohon ya warke nan take, ya ce kurtu ya yi tsallen kwaɗo. Ga Liman bai fasa aike ba, ga Fasto ya fara nasa, yau a kai mai jego gida, gobe a ɗauko bencuna.

Da wuya ta kai wuya, Badaru ya fara juya wa mutane baya, yana nuna rubutun rigarsa. Ya ce su karanta da kyau, shi ɗan aike ne kawai, ainihin abokin tarayya shi ne Alhaji Tukur. Maganar ta kai kunnen Liman. Ya ce ashe sun yi rashin ladabi, kwana da kwanaki suna tarayya da mutum ba su je sun gaishe shi ba.

Ranar kasuwar Shagari ta ƙarshen wata ina can da buhun gabuna, kusa da rumfar da Alhaji Tukur yake zama yana karɓar abin da masu tikitinsa suka tara. Alhajin yana neman kansila a lokacin, hotunansa manne a kowane ginshiƙi, yana murmushi kamar ango. Badaru ya iso, kaza a gaba, Baba Kofur a baya. Bai gama kafe babur ba sai ga a-kori-kura ta tsaya. Liman ya sauko, Fasto ya sauko, sai ladan rungume da lasifikar masallaci da ta ƙone, sai Nura, sai Jummai da Maniru, sai dattawan coci, sai duk wanda ya sami wurin maƙalewa.

Liman ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali da gajiya da kasuwa. Sannan ya yi godiya a madadin jama'a, ya ce samun abokin tarayya irin Alhaji sai an tona. Sun zo ne su san juna, kuma tunda damina ta ƙarato, kwanon rufin masallaci ya zama rariya, ga lasifika. Ba duka suke nema ba, ɗaya cikin goma kawai. Fasto ya ce su ma katangarsu ta gabas ta faɗi. Jummai ta ce ita tunkiyarta.

Alhaji ya dubi wannan, ya dubi wancan. Kasuwa ta fara taruwa. Daga baya wani ya ce Alhaji Tukur ne ya sa wa masallaci haraji, wani ya ƙara da cewa har da coci, maganar ta bi layin 'yan albasa ta shiga layin 'yan hatsi kafin Alhajin ya haɗiye yawu.

"Kai," ya ce wa Badaru, "wa ya aike ka?"

"Ranka shi daɗe, kai kac ce in nemo sabon wuri."

"Masallaci nac ce maka?"

"Ba ka ce ban da shi ba."

"To mi kat taro?"

Badaru ya kwance kazar ya miƙa da hannu biyu. Alhaji ya miƙo nasa hannun zai karɓa, ko don ya jefe shi da ita ne ban sani ba. Sai Maniru ya matso ya ɗage wando, ya ce wannan kazar ƙafarsa ce, kuma alhamdulillahi tunda ta bar gidansa kumburin ke saɓewa, Allah ya saka wa duk wanda ya karɓe ta. Alhaji ya mayar da hannunsa cikin riga. Baba Kofur kuma ya tako ya ƙame ya sara masa, ya tambaya a wane ɗaki zai sauka, kuma ya sani tun yanzu shi ba ya cin tuwo da miyar kuka sau biyu a jere.

Alhaji ya rantse ya maimaita, ya ce shi bai san da wata tarayya ba, kuma in ma akwai ta, ya fita daga yau.

Liman ya ce ba laifi. An shafa Fatiha da rigar da ke ɗauke da sunansa, amma abin da Fatiha ta ɗaura, wata Fatihar tana kwance shi in ɓangare biyu sun yarda. Sai dai Alhaji ɗan fadama ne, ya san ƙa'ida. Wanda ya janye daga noman tarayya ana tsakiyar aiki, ba ya tafiya da injin ban-ruwa. Barinsa yake a gona sai an yi girbi. Yana faɗa yana duban jan babur.

Alhaji ya ce, "Yaushe na girbin masallaci?"

Liman ya ce, "Ba nan duniya ba, Alhaji."

Wani can baya ya tuntsire da dariya, sai kowa ya kama. Alhaji Tukur ya dubi taron, ya dubi hotunansa a ginshiƙai, ya dubi babur. Ba wawa ba ne. Ya hau kan benci ya gyara babbar riga, ya ce jama'a su shaida, dama tun farko niyyarsa ke nan, yaron nan ne bai fahimci saƙo ba. Wannan babur ya bayar da shi sadaka ga masallacin Tungar Maje da cocin Boɗinga, a riƙa kai marasa lafiya asibiti. Aka yi kabbara, matan da ke wurin suka yi guɗa. Ya sauko ya tuɓe wa Badaru rigar ƙyalli da hannunsa, ya raɗa masa wata magana a kunne da ta shafi kakanninmu, wadda ba zan rubuta ba. Liman ya ja Fatiha, Fasto ya ce amin, tarayya ta mutu.

Aka zare makulli aka damƙa wa Liman. Badaru ya tsaya da singileti a tsakiyar kasuwa, yana bin makullin da ido har ya shige aljihu.

Fasto ya ce to saura direba. Liman ya ce ai akwai wanda ya san hanyar asibiti da ta famfo kamar tafin hannunsa. Kowa ya juya ya dubi Badaru. Nan take kafaɗarsa ta dawo wurinta. Ya yi gyaran murya ya ce zai duba, amma sai an yi maganar albashi.

"Akwai," in ji Liman.

"Nawa?"

"Irin nau."

Ya ciro makullin ya miƙa masa, ya ce a fara da mayar da Baba Kofur Boɗinga, in ya dawo ya kawo makulli zaure, can makullin zai riƙa kwana.

Baba Kofur ya haye ya gyara zama. Badaru ya buga babur, shiru. Ya sake bugawa, ya buga har takalminsa ya fita. Nura ya buɗe tanki ya leƙa, ya ce mai ko na ɗiga a ido babu. Aka dubi Alhaji, ya ce shi ya fita tarayya. Aka dubi Liman, ya ce sadakar mai sai Juma'a. Badaru ya dubo ni. Na ce gabu nake sayarwa.

Badaru ya ce tsohon ya sauka su tura. Kunnen Baba Kofur ya mutu duka biyun.

Haka ya kama ƙahon babur ya fara turawa ta tsakiyar layin 'yan albasa, gumi na bin singileti, tsohon a sama yana buga sanda a tanki yana ba da hagu da dama. Mutane suka dare suna tafi daidai da takunsa. Da ya zo daidai inda nake, ya ɗaga kai ya ce wa masu kallo su ba da hanya, su san abin da ke wucewa, wannan babur ɗin addini biyu ne, kuma duk jihar ba mai irinsa sai shi.

"Kurtu," in ji Baba Kofur, "ba a magana a fareti."